Makullin Tanki a Bakin Zanina

Garin Lafiya, ƙarfe biyar da kwata na asuba

Yayana Alhaji Sabo ya rantse zai kori Baba Audu, direban da ya shekara goma sha tara yana ɗauko mana gishiri daga Awe a akori-kurarmu. Wai mai na ƙarewa kamar ana zubarwa, don haka tsohon ne yake zuƙa ya sayar. Na ce, "Yaya, mutumin da ya kai ni ɗakin miji shi ne ɓarawo? Ba ni makullin tankin, ni zan bi shi."

A gabansa aka cika tanki fal, na ɗaure makullin a bakin zanina, muka kama hanya ba kaya.

Obi, shida da minti goma

Mun wuce shingen jami'an tsaro ɗaya. "Madam, ina zuwa?" Na ce Awe, suka ɗaga mana hannu. Amma ni allurar mai nake kallo, don ta sauka fiye da yadda tafiyar ta kai, ga makulli kuma a jikina.

Muka tsaya na sayi dafaffiyar doya da manja. Da na gama na ɗauki buta na zaga bayan mota wanke hannu. Ruwan na sauka kan ƙarfen tayar baya sai na ji cuuu, tururi ya tashi kamar an tsoma ludayi a kaskon suya.

"Baba! Zo ka gani!"

Ya kai hannu, ya janye da sauri. "Ai na faɗa wa Alhaji motar na yi mini nauyi, Hajiya. Ya ce tsufa ne ya kama ni."

Awe, tara saura kwata

A hankali muka lallaɓa sauran hanyar, wajen kilomita hamsin da 'yan kai. Bakanike ya cire tayar ya yi dariya. "Masu gishiri ke nan! Kuna loda shi da danshinsa, ruwan na ɗiga kan birki, tsatsa ta ci shi ya maƙale. Motar nan da birki a kame take tafiya, ina mai zai zauna?"

Ya kankare, ya sa sabon takalmin birki. Ya zaro matatar iska, ta toshe da ƙura da ƙaiƙayin shinkafa, ya canza. Tayoyi huɗun ma duk a sace suke, tun damina da aka rage musu iska saboda taɓo. Wannan kam na harari Baba, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Na kwance makulli aka sake cika tanki, na mayar da shi bakin zanina. Ƙawata Ladi mai dafa gishiri ta ba mu tuwon shinkafa da miyar agushi, ta kuma shimfiɗa leda mai kauri a bayan motar kafin a jera buhun gishiri ashirin.

Komawa, biyu da rabi

Wallahi motar har waƙa take. Baba na tafiya a natse, ba figa ba taka birki a banza. A Obi na sake watsa wa tayar ruwa, shiru kake ji. Na rangaɗa guɗa a bakin titi, masu doya suna kallona.

Biyar saura minti goma muka shiga Lafiya. Na ce, "Yaya, leƙa allura. Da kaya niƙi-niƙi ko rabin abin da muka sha ba kaya ba mu sha ba. Ga ɓarawonka," na dangwara masa tsohon takalmin birkin mai tsatsa a tafin hannu.

Ya juya shi, ya sake juyawa. Sannan ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Na kwance makullin, ban ba Yaya ba, Baba Audu na miƙa wa. Ya karɓa da hannu biyu. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Ladi da bakaniken Awe, har da butar nan tawa.