Luba da labarin 'yar mai niƙa

A unguwar Ammariyya, can ƙasa mai tsarki, aka haifi Luba, a gidan da kakanta ya kama bayan ya zo aikin Hajji daga Katsina bai koma ba. Ɗinkin abaya ta koya wurin mahaifiyarta, da shi ta ci ta sha har idonta ya fara gajiya. Mijinta Thamer direba ne, ya rasu ba su samu haihuwa ba, sai ta ɗauki Nuf, 'yar ƙanenta, ta riƙe. Daga baya suka koma wani ɗan gida a Aziziyya, a can ciwon ƙoda ya same ta.

Wankin ƙoda zama ne mai tsawo. Mutum yana kwance, na'ura tana jan jininsa tana mayarwa, ba abin kallo sai rufin ɗaki. Luba ba ta iya shiru, amma matan da ke gadajen kusa da ita barci suke yi. Wata rana ta ji sabuwar nas tana magana a waya da Hausa, Hausar Najeriya tsantsa. Sunanta Rifkatu, Kirista ce 'yar Kafanchan, ta zo aikin kwantiragi.

"'Yata, wane littafi ne kullum a aljihunki?" in ji Luba.

Rifkatu ta ciro shi ta nuna mata. "Na Turanci ne, Mama. Labarin soyayya ne na mutanen da. Amma na Kiristoci ne, akwai coci da addu'o'i a ciki."

"Ni labari na tambaye ki. Yalla, maza zauna."

Tun daga ranar, duk sa'ad da Rifkatu ta samu sarari takan ja kujera ta ba ta labarin abin da ta karanta. Labarin wata budurwa ne a wani ƙauyen Turawa, zamanin keken doki. Mahaifinta yana da gidan niƙa a bakin kogi, aka wayi gari gidan ya ƙone da shi a ciki. Mutanen gari suka ɗora laifin a kan wani baƙon likita da bai daɗe da zuwa ba, ita kuwa budurwar shi zuciyarta take so.

Luba ba ta sauraro a banza. Likitan bai burge ta ba. Ta ce namijin da zai tsaya ƙarƙashin taga cikin ruwan sama ya kasa shiga ya gai da manya, ba miji ba ne, mura yake nema. Baffan yarinyar kuma tun ranar jana'iza ta sa masa ido.

"Wanda ya ƙara tuwo ranar da aka binne ɗan'uwansa, ki bincike shi."

"Mama, ba tuwo suke ci ba."

"Ko me suke ci, ya ƙara."

Abin da ya kama ta shi ne wurin da yarinyar ta shiga coci ita kaɗai, ta durƙusa, ta kasa cewa komai sai kuka. Luba ta sa aka maimaita mata wurin. Ta ce bayan rasuwar Thamer ta sha zama a kan darduma haka, hannu a sama, bakin ya ƙi buɗewa. Ta ce addininsu daban, kuma ba ta fahimci abin da limamin cocin yake faɗa ba, amma wadda ta rubuta littafin ta taɓa rasa wani, ko shakka babu. Rifkatu ta gyara mata bargo.

Saura kaɗan su gama aka mayar da Rifkatu wani asibiti a Ta'if. Ta zo sallama, ta ajiye littafin a kan cinyar Luba. Luba ta riƙe hannunta ta daɗe, sannan ta ce Allah ya tsare, ta juya fuskarta ga bango.

Nuf ce ta ƙarasa mata. Ba ta jin Turanci, Hausarta ma ba ta da ƙarfi, sai ta riƙa ɗaukar hoton shafi da waya, wayar ta juya shi Larabci, ta karanta wa gwaggonta bayan la'asar. Baffan ne kuwa ya sa wutar, don ya gaji filin. Ya durƙusa ya nemi gafara, yarinyar ta yafe masa nan take, aka ɗaura aurenta da likita.

Luba ta sa Nuf ta danna mata waya, ta aika wa Rifkatu saƙon murya.

"'Yata, mun gama. Ba na faɗa miki baffan ne ba? Littafin yana da daɗi, wallahi, kuma yarinyar ta shiga raina. Amma ƙarshen an yi sauri. Yafiya abu ne mai kyau, mu ma an umarce mu da ita, sai dai ba a shafi ɗaya ba. Mutum ya ƙone miki uba, ko ruwa ba ki sha ba ki ce halas, ya wuce? A bar ta ta yi fushinta tukuna. Likitan kuma har yanzu ban yarda da shi ba, amma tunda tana so, Allah ya ba su zaman lafiya."

Rifkatu ta maido amsa tana dariya, ta ce ita ma wurin ya tsaya mata a rai, ba ta dai taɓa faɗa wa kowa ba.

Har yanzu Luba tana zuwa wankin ƙoda. An kawo wata tsohuwa 'yar Yaman gadon da ke kusa da nata, mai tsoron allura, kuma Luba ta fara ba ta labarin da Larabci don ta ɗauke mata hankali. Sun kai wurin gobarar. Ta gaya wa Nuf cewa in sun zo ƙarshe, sai yarinyar ta shekara ba ta yi wa baffan magana ba kafin ta yafe.