Mangwaron da Ke Kan Layi

A unguwar ba mai ce masa magini, sai dai Baba Mai Zare. Shekara arba'in yana yawo da ƙusoshi biyu da zare a aljihu. Ya kafa ƙusa nan, ya kafa can, ya ja zare tamau, kuma abin da zaren ya faɗa ya zauna, ko mai gida zai yi kuka da idonsa. Ya taɓa rushe ginin yini guda saboda bulo ɗaya ya turo ciki da faɗin yatsa. Mutum ne mai kirki, amma zama da shi sai mai haƙuri.

Babbar 'yarsa ce ta fi kowa shan wannan fitina. Tun tana ƙarama, in ta shimfiɗa tabarma a karkace sai ta sake, takalma ma a bakin ƙofa sai an jera su. Ta yi aure ta ce ta huta, ashe da sauran aiki.

Shekara biyu da rasuwar mahaifiyarta, Baba ya tashi katange bayan gida. Ya kafa ƙusa a dutsen iyaka na gabas, ya kafa a na yamma, ya ja zare. Zaren ya zo ya daki tsakiyar mangwaron da marigayiyar ta shuka da hannunta.

"Baba, ka ɗan kauce mana," in ji 'yar. "Taku ɗaya fa!"

Maƙwabcinsu, wani direba, ya leƙo ya ce, "Ku shigo filina, wallahi na yafe."

"Tsakanin ƙusa biyu layi ɗaya ne," in ji Baba, ko ɗagowa bai yi ba. "Ba ni na ƙirƙira ba."

"To sare ta za ka yi ke nan? Bishiyar Inna?"

Ya ci gaba da gwada zarensa. Haushi ya turnuƙe ta, ta yafa mayafi ta fita tana faɗa har titi. Kwana huɗu ba ta kira shi ba.

Rana ta biyar ta dawo. Katanga ta miƙe sak daga gabas, ta tsaya a jikin mangwaron, ta ci gaba daga ɗaya gefen har yamma, ko gashi ba ta goce ba. Itacen na tsaye a tsakiya da ganyensa.

"Wannan kuma wane irin gini ne?"

"Ai bishiyar ba ta tare layi ba, a kansa take," ya ce yana wanke cebur.

"Baba, kwana huɗu ina kuka! Ba ka iya faɗa ba? Kuma in ta yi kauri, ai tsaga katangar za ta yi."

"Duk shekara zan riƙa sassaƙe bulon gefe." Ya ɗan tsaya, ya share hannu a riga. "Ran da ba na nan, ki sa a rage bulo. Bishiyar kuwa, kada a taɓa ta."