Kaset ɗin Yaya

Yayana ya mutu mutanen garinmu suna kiransa mai taɓin hankali, kuma Kawu ne ya fara faɗa. Hujjarsu kaset ɗaya ce. Yaya ya yi aiki a Maradi wurin wani Bature mai haƙa rijiyoyi, wanda ya bar masa ƙaramar kwamfuta irin ta da, wadda ake haɗawa da talabijin, tana ajiye aikinta a kaset. Da aiki ya ƙare injin ya ƙone, Yaya ya dawo gida da kaset kawai. Yakan sa ta a rediyo ya kasa kunne don ya ji ko zaren bai lalace ba. Abin da ke fita ƙara ce kamar ana yanka ɗan akuya. Ya yi bayani har ya gaji, ba wanda ya saurara.

Da na bar maganar ta bi shi kabari, sai ga ɗansa ya je neman aure garin Cadakori. Dangin yarinya suka aiko masu bincike kamar yadda aka saba, aka tura su wurin Kawu, shi kuwa ya ce ba zai ɓoye ba, akwai hauka a gidan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni sakatariya ce a wani buro, wato ofis, a Gidan Rumji, kwamfuta ce abincina, na rantse sai kaset ɗin nan ta yi magana.

Na naɗi ƙarar a kwamfutata, na sauko da manhajar da ke kwaikwayon irin injin Yaya. Kafin ta tashi sai ka harhaɗa mata kayan ciki da kanka: wane samfuri, ƙwaƙwalwa nawa, wane irin gudu, akwai abin karanta kaset ko babu. Ni kuwa na yi mata tarbar baƙo. Duk inda aka ba ni zaɓi na ɗauki mafi girma, don ina ganin Yaya ya sha rashi da ransa, ba zan yi wa aikinsa rowa ba. Allo ya yi baƙi ƙirin. Na sake, ya watso haruffa barkatai. Akawun buronmu ya leƙo ya ce in haƙura, wataƙila dai mutanen gari sun fi ni gaskiya. Na ce masa ya kula da nasa teburin.

Sai da na yi ta fama kafin na gane karamcina ne matsalar. Abin da aka gina a ɗan ƙaramin inji ba ya gane babba. Na rage ƙwaƙwalwa zuwa ƙarshen ƙasa, na cire abin karanta faifai da na ƙara masa, na mayar da gudu tafiyar jaki. Ƙarar ta shiga a hankali, sai ga gurabe sun jeru a allo. Dara ce. Yaya ya koya wa inji dara.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗauki kwamfuta na nufi gindin bishiyar bedin da maza ke dara, inda mace ba ta zama. Na zauna. Wani ya ce mini wurin ba nawa ba ne, na ce ba wurinsa na zo ba. Na ajiye kwamfutar gaban Kawu na ce ga haukan, ya taɓa da hannunsa.

Ya ƙi taɓawa, sai ya riƙa nuna gurbi da kara ina danna masa. Kawu gwani ne, nan da nan ya cinye injin. Aka yi dariya, na ɗauka na ƙara tona wa Yaya asiri. Kawu bai yi dariya ba. Ya ce a sake. Ya sake ci, ya zuba wa allo ido.

"Hakanan yayanki ka wasa," in ji shi. "Kullum shina barin hagunshi buɗe. Ni nak koya mishi dara, na yi hwaɗa har na gaji, bai gyara ba."

Na ce, "Kawu, Cadakori fa?"

Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ce na yafe ba, har yau. Ya dai ce zai je da kansa ranar kasuwa. Da na miƙa hannu zan rufe kwamfutar sai ya riƙe murfin, ya ce in bar masa yaron su ƙara ɗaya.