Tesis ɗin Yaya Bashir

Wata Laraba ce a tsakiyar damina, ina aji biyar a firamare, na dawo daga makaranta takalmi a hannu na tarar kwatar layinmu a Agege ta cika ta juyo cikin gida. Baƙin ruwa mai wari ya bi ɗakuna, bokitai da silifas suna yawo a tsakar gida. A cikinsu na hango takardun yayanmu Bashir, waɗanda yake ajiyewa a kwali ƙarƙashin gado, suna iyo ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa yana Kano, ya je ganin malamin da ke duba masa aikin.

Takardun nan su ne tesis. A rediyo kundin digiri ake cewa, amma mu a bakin Yaya muka tsinci kalmar. Na taɓa tambayarsa mene ne tesis ɗin nan da ya hana mu sakat, ya ce magana ce guda mutum zai kafa, ya tara mata hujja, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare ta. Ni dai abin da na sani, saboda ita aka hana mu 'yar gala-gala a ƙofar ɗakinsa, ga ɗibar ruwan wankansa daga famfon bakin titi ta dawo kaina. Har kalmar ta zama ta zolaya a gidan. In na daɗe ina wanke-wanke sai Umma ta ce, "Ke kuma tesis kike yi?" Digiri na biyu Yaya yake yi a Larabci, da hannu yake rubutawa, don masu buga takardu a unguwarmu babu mai injin Larabci. Shekaru ya kwashe a kai, kuma kwafin ke nan guda.

Kakarmu ce ta tattare zani ta shiga ruwan. Ta tsince takardun tas tana salati, ta shanya a kan kwanon kicin. Na ɗauka ceto take yi. Washegari sun bushe, tawada ta ɗan zuba a wasu, amma yawancinsu ana karantawa sarai. Sai na ga ta ɗauko kasko da ashana.

Na ce mata tesis ɗin Yaya ne, ta bari ya dawo. Na faɗa, na maimaita, har na riƙe mata hannu. Ba ta iya karatu ba, amma ta san siffar sunan Allah, kuma ga shi a kusan kowane shafi.

"Sake ni, ja'ira. Sunan Allah ya sha najasa, in mayar da shi ƙarƙashin gado? Maigidan nawa Bashir ai a kansa karatun yake."

Umma na tsaye bakin murhu, ba ta iya musu da uwar miji. Baba ya tafi Oko-Oba tun asuba wajen shanunsa, wayar gidan kuma tana aljihunsa. Haka na tsaya ina kallo, ta ƙone su a natse, ta binne tokar a gindin katanga inda ba a takawa.

Da Yaya ya dawo, da bakinta ta ba shi labari, tana jiran godiya. Ya daɗe a tsugune gabanta, sannan ya ce Allah ya saka da alheri. Ya gwada sake rubutawa, abin bai haɗu ba, wa'adin makaranta ya wuce. Har yau yana koyarwa a Islamiyyar layinmu.

Yanzu 'yan jami'ar unguwarmu a waya suke tura aikinsu, ruwa ya yi ta cin gida babu ruwansu. Kaka ta rasu ba wanda ya fahimtar da ita girman abin da ta ƙona. Na so in yi fushi da wani, ban sami wanda zan yi da shi ba.