Ban Je Kano Ba

Assalamu alaikum. Hajiya Ladi ce ta unguwar Parkchester a nan ƙasar Turawa, mai masa, wadda ba ta barin amarya ta sha iska a wajen biki.

Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba. An ce muku na tafi Kano hutu. To ban je ba. Ko hanyar filin jirgi ban bi ba. Ina nan hawa na biyar, ina hango ku ta taga kuna wucewa.

Da hannun hagu nake rubutun nan, da yatsa ɗaya, sai ku yi haƙuri da ni.

Wata safiya ina suyar masa cokali ya suɓuce min. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Na buɗe baki in kira surukata, na ji harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Tana ganina ta ƙwalla ihu. Ashe bakina ya karkace.

Aka tsaya shafa min man zafi, ana tsoron kuɗin motar asibiti. Sai da na kasa tsayuwa aka kira su.

A asibiti suka tura ni cikin wani inji mai kama da bututu, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likita ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya kawo ta. Ta ɗaga hannuna na dama, ta sake shi, ya faɗi. Ta ce, "Da kun zo da wuri, da bai kai haka ba."

Wallahi ban ji tsoron mutuwa ba kamar yadda na ji tsoron kada bakin nan ya daina tsokanar mutane.

Daga nan sai gashin ƙashi. A miƙe hannu, a lanƙwasa, a koya min haɗiyar ruwa kamar jaririya. Inshora ta ɗauki wani kaso na kuɗin, wani ya hau kan ɗana. Ba zan ci amanarsa ba, ya yi ɗawainiya. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, yau ma ya ci albarkacin kunya.

Da na dawo gida a keken guragu ya karɓe min waya. Ya ce, "Hajiya, ki huta da surutu tukuna."

Duk Juma'a sai in sa a ɗaura min ɗankwali, a turara min zane, a juya kekena ya kalli ƙofa. Na ce yau dai wata za ta leƙo. Ni da na yi wa rabinku wankan jego a garin nan.

Shiru.

Na zage ku tas a zuciyata, ɗaya bayan ɗaya. Ku yafe min.

Mutum ɗaya ce ke buga ƙofa: Rosa maƙwabciyata, 'yar Dominika, wadda ciwon sukari ya cinye wa ƙafa. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu, Turancinmu duka gurgu ne. Ran da ta fara kawo min miya na tsaya ina leƙen kwanon. Ta tuntsire da dariya, ta yi kukan alade, ta girgiza kai, ta zaro min ƙayar kifi.

Ranar da asiri ya tonu, ma'aikaciyar da ke zuwa kula da ni ba ta da lafiya, kamfaninsu ya turo wata. Ƙofa na buɗewa sai ga Memuna 'yar Kumasi, ƙawata ta masallaci. Jakarta ta faɗi ƙasa.

"Inna lillahi! Hajiya, ba kina Kano ba? Har saƙo na ba ɗanki ki taho min da daddawa!"

Na yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Da ɗan nawa ya dawo daga aiki na ce, "Kai, yaushe ka saya min tikitin Kano ban sani ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Hajiya, ke ce mai yi wa kowa tsiya. Ban so a ga bakinki haka, ana goge miki yawu, a riƙa yi da ke. Asiri na rufa miki."

Na ce, "Ciwon ya ɗauki hannu ɗaya. Mutanena kai ka ɗauke min su."

Abin da ya fi ci min rai, na san ba shi kaɗai ba ne. Gidaje nawa ne a cikinmu ke da wani a ƙuryar ɗaki, an ce ya yi tafiya?

Washegari Rosa ta yi gaba a kekenta mai batir, Memuna na tura ni a baya. Muka tsaya a tasha. Bas ta zo ta durƙusa kamar raƙumi, ta miƙo min gada. Direban mai rawani ya taso da kansa ya ɗaure min keke. Babu wanda ya kalli bakina sau biyu.

Na ce oh ni Ladi. Mota ta durƙusa min, ɗan da na haifa ya ɓoye ni.

Na yafe masa, amma yanzu shi ke tura ni masallaci, yana gaisawa da duk wanda ya yi wa ƙarya. A bakin ƙofa nake salla, don wajen mata a ƙasa yake, matakala ce zalla. Malamai, kuna ji na.

Alhamdulillahi, yanzu ina taku kaɗan da sanda, baki ma ya dawo aiki. Na gode wa Allah, na gode wa nas-nas, da Rosa, da Memuna da ta kasa riƙe bakinta.

Ku riƙa auna jininku. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ku ajiye man zafi ku kira motar asibiti nan take, zancen kuɗi ya zo daga baya. In an ce muku wance ta tafi gida ba sallama, ku hau ku buga ƙofa. Kuma kada ku yanke wa mara lafiya wanda zai gan shi. Ku tambaye shi.

Mai son yi min sannu da zuwa, hawa na biyar ne. Tsaraba kam babu.