Saƙon Makon Jiya Ya Tara Mana Shanu

Jama'a, yau shanu sun kewaye ofishinmu!

Sabobin, wato kwamfutocin aika saƙo, da ƙungiyarmu ke haya a intanet a killace suke, ba sa iya aika komai waje. Da safe na haɗa musu ƙofar fita wadda kamfanin da ya ba mu hayar ke kula da ita. Ashe saƙon makon jiya na maƙale: "Ku kawo shanu riga-kafi yau." Nan take ya faɗa wayoyin makiyaya!

Kafin azahar garke har hanyar Kutemeshi! Ardo ya ce, "Malam, kun kira, ga mu."

Likitar dabbobinmu ta leƙo, ta kwashe da dariya: "Mako guda ina jiransu, allura ta kusa lalacewa! Zo riƙe min ƙaho!"

Wallahi da hannu ɗaya nake rubuto muku, ɗayan na riƙe da ƙaho.