Zamana da Mama a Sito

Shekara huɗu na yi ina sayar da atamfa a kantin wasu Indiyawa a unguwar Treichville, kusa da tashar mota ta Gare de Bassam. Da sassafe nake tasowa daga unguwarmu Bromakoté, don haka nakan riga kowa isa, ban da uwar mai kantin. Tsohuwa ce 'yar siririya, Mama muke ce mata. Kafin a buɗe ƙofa takan shige sito ta zauna a tabarma tsakanin bandiran yadi, ta rufe ido, ta ja sauti guda, "Ommm," har numfashinta ya ƙare. Sai ta yi shiru, ta sake.

Wata rana na tambaye ta. Da gurguwar Faransancinta ta ce a addininsu wannan sautin shi ne mafarin komai. Daga ciki yake tashi, ya bi ta ƙirji, ya ƙare a leɓe, amma shirun da ke biyo baya shi ake nema.

"Ke me kike faɗa idan zuciyarki ta ƙi zama?" in ji ta.

Na nuna mata carbina. Ta matsa gefe. "To zauna, 'yata. Ki yi naki, in yi nawa."

Lokacin mahaifiyata ba ta daɗe da rasuwa ba, gidanmu kuwa ba inda mutum zai keɓe. Kullum sai in zauna ina istigfari a zuci, Mama tana nata. Ban taɓa furta kalmarta ba, ita ma ba ta taɓa nema ba.

Mutum ɗaya na gaya wa, ƙawata da muka taso a tsakar gida ɗaya. Ta ce tana so ta gani da idonta. Na roƙi Mama, ta yarda, har ta dafa mata shayi mai citta. Da muka rufe ido, ashe ƙawar tawa waya ta ɗaga tana ɗaukar mu bidiyo.

Kafin la'asar bidiyon ya zagaya dangi. An yanke shi daidai kafaɗata, ba a ganin hannuna. Fuskata ce kawai, ido a rufe, da muryar Mama. A ƙasa an rubuta wai na shiga addinin Indiyawa.

Na sami ƙawata a ɗakinta tana ninke kaya.

"Kin ga carbi a hannuna ko ba ki gani ba?"

"Na gani."

"To me ya sa?"

"Ƙawata, ceton ki na yi. Yau kina gefe, gobe kina ciki."

Yayana ya ce ya yarda da ni, amma bakin mutane ba ya ɗinkuwa, in bar aikin. Na bari.

Da na je sallama, na tarar bidiyon ya kai ga ɗan Mama, wasu ma sun ɗora masa kiɗa suna dariya. Mama ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Yarinyar da kika kawo?" Na ce ita. Ta gyaɗa kai, ta shafa hannuna. Na so in ba ta haƙuri, kuka ya hana ni.

Yanzu a wata unguwa daban, wajen Adjamé Mairie, nake aiki. Ƙawata kuwa mukan haɗu a biki ko suna. Takan riga ni gaisuwa, da fara'arta, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Har yau ba ta ce in yafe mata ba.